Tagar Jemima

Litinin, 7 ga Yuli, bayan la'asar

Da sunan Allah nake farawa. Na daɗe ban riƙe alƙalami ba. Amma abin da na gani yau ba ni da wanda zan gaya wa, gara in gaya wa takarda.

Mahadi ya tara mu a sito ya nuna mana sabuwar manhajar karɓar oda. Ɗan yayana ne, a hannuna ya tashi, ni na fara ɗora masa yatsu a kan madannan kwamfuta. Tun da aka tafi da mai shagon, Alhaji Hambali, asibiti a Yola, shi ke riƙe da shagon. Ni aikina bai canza ba, ni ke kula da manhajar da muke sayar wa masu kyamis na ƙauyuka magani da ita. Tsohuwar ni na rubuta ta, kuma a kwamfutar tebur kaɗai take aiki.

Sabuwar ta yi kyau, kada in rage masa. Rubutu ɗaya ya yi, ya buɗe ta a kwamfuta, ya buɗe ta a wayarsa, ya buɗe ta a tsohuwar wayar Tobiya direba mai tsagaggen gilashi. Ko'ina kamanni ɗaya, kore da fari. Mai kyamis a Zing ko Lau zai ga abin da ke sito yana zaune a shagonsa. Aka yi tafi. Ni ma na ce ma sha Allah, kuma har zuciyata na faɗa.

Sai Jemima ta ce a buɗe mata a tata kwamfutar. Ita ke ɗaukar waya tana shigar da oda tun shagon yana ɗaki ɗaya. Ba ta gani. Da kunne take aiki, akwai manhajar da ke karanta mata duk abin da ke fuskar kwamfuta, muna kiranta Murya. Ta sa abin kunne, ta danna, ta sake dannawa. Ta cire shi ta girgiza, ta mayar.

"Malama, wannan abu ya mutu ne? Taga kawai yake cewa. Taga. Taga."

Wani yaron sito ya yi dariya. Mahadi ya ce ƙaramar matsala ce, za a duba. Ya ce ɗaya ga wata mai kamawa za a kashe tsohuwar.

Ba ƙaramar matsala ba ce. Na sani, shi ma ya sani.

Talata, 8 ga Yuli, bayan sallar asuba

Bari in shimfiɗa abin a nan, in tabbatar na fahimce shi kafin in zargi kowa.

Ba mai gina manhaja daga ƙasa yanzu. Akwai laburare, wato kayan gini da wasu suka riga suka ƙera: maɓallai, akwatunan rubutu, tagogi. Masu yi maka alkawarin ka rubuta sau ɗaya ya yi aiki a kwamfuta da waya, iri uku na yi mu'amala da su, kuma na raɗa musu suna don kaina.

Akwai Mai Aro. Duk gidan da ya sauka, kayan gidan yake ara. A kwamfuta maɓallin kwamfuta, a waya na waya. Murya ta san kayan gida, don haka tana karanta su ba wahala. Sai dai abin da ka daidaita a nan sai ka tarar ya karkace a can, kuma ado ba ya cikin halinsa.

Akwai Mai Kaya, wanda ke ɗauko burauza sukutum ya cusa a cikin manhajarka. Murya tana iya bin sa. Amma kwamfutar Jemima ta tsufa, na taɓa gwada mata irinsa, fankar ciki ta yi ta nishi kamar akuya mai naƙuda.

Na Mahadi shi ne Mai Zane. Ba ya aron komai wurin kowa. Farin fili ake ba shi, ya zana maɓalli, ya zana akwati, ya zana layi. Shi ya sa yake kama ɗaya ko'ina, shi ya sa yake da santsi. To amma zanen maɓalli ga mai ido ne. Wurin Murya, in ba an bi zanen an rataya masa suna a ɓoye ba, bango ne kawai. Ƙananan kayan da laburaren ya zo da su suna da sunayensu. Mahadi bai so su ba, ya ce ba su yi kyau ba, ya zana nasa.

Ban ce da gangan ya yi ba. Ban ce ba.

Laraba, 9 ga Yuli, da azahar

Ranar da za a sa Alhaji a mota, ya faɗa a gaban kowa cewa ba za a kashe tsohuwar manhaja ba sai ni, Sa'adatu, na ce sabuwar ta kammala. A lokacin na ɗauka girmamawa ce. Yau na ga nauyi ne ya ɗora mini.

Mahadi ya zo teburina da lemo mai sanyi.

"Goggo, in Alhaji ya kira, ki ce masa ta kammala. Sauran gyara ne na tafe."

"Ba ta kammala ba."

"Mutum ɗaya ce fa, Goggo. Masu kyamis nawa ke jira?"

Na ce na san suna jira. Na ce ya ba ni rubutun manhajar in rataya sunayen da kaina. Ya ba ni. Lemon ban sha ba, azumi nake, amma ban gaya masa ba, na bar shi ya ɗauka fushi ne. Wannan kam ban kyauta ba.

Alhamis, 10 ga Yuli, da hantsi

An kawo wata yarinya, Mufida, ƙanwar matar Mahadi. An sa mata kujera a gefen Jemima, wai tana koyo. Ban tambayi abin da take koyo ba.

Yarinya ce mai ladabi. Har ƙasa ta durƙusa ta gaishe ni.

Asabar, 12 ga Yuli, bayan magariba

Ruwa tun safe. Titin Nukkai ya zama kogi, ban fita ba. Na wuni ina bin zanen Mahadi ɗaya bayan ɗaya ina rataya suna. Aiki ne irin na tsince tsakuwa a shinkafa. In na gama shafi sai in kashe hasken kwamfuta, in rufe ido, in saurari Murya tana karantawa. Muryar Baturiya ce, in ta zo kalmar Hausa sai ta tauna ta. Amma ana ganewa.

Dole in rubuta wannan don gaskiya: duk sunan da na rataya, nan take ya bayyana a waya ma. Gyara ɗaya, gida biyu. Da tsohuwar manhajata ce, ko a mafarki.

Litinin, 14 ga Yuli, bayan la'asar

Na sha kunya.

Na kai wa Jemima aikina ina jin daɗi a raina. Ta sa abin kunne, ta saurara, can sai ta fashe da dariya har Mufida ta tsorata.

"Malama, kai ne ka rubuta wannan? Ji fa. Don Allah danna nan domin zaɓen magani. Don Allah rubuta adadin kwali a wannan akwati. Kwamfuta yana roƙona! Saura ya tambaye ni yaya gida, yaya yara."

Na ce ai ladabi ne.

"Ladabi? Mutum yana kira daga garin Mutum Biyu, katin wayarsa yana ƙonewa, ni ina zaune ina jin don Allah? Magani. Adadi. Tura. Shi ke nan. Ka rage surutu."

Ta ɗora mini abin kunnen in ji yadda take saurare. Wallahi ban tsinci kalma ko ɗaya ba. Ta ƙure gudun Murya, kamar ana zuba gero a kwano. Ni da na rufe ido a ɗakina ina ji a hankali, na ɗauka na zama ita. Ban zama ba.

Na goge duk don Allah ɗin. Ta ce, "Yawwa, yanzu ya zama ɗan kasuwa."

Laraba, 16 ga Yuli, da azahar

Jerin magunguna ya ƙi.

Maɓallai sun yi, akwatuna sun yi. Amma babban jerin da take bi da kibiyoyin madannai, sama da ƙasa, hagu da dama, daga suna zuwa farashi zuwa abin da ya rage a sito, a kwamfuta Murya tana ɓata a cikinsa. Ta karanta layi, ta tsallake biyu, ta koma farko. Na duba dandalin masu laburaren, na tarar wasu a wasu ƙasashe sun yi wannan kukan tuntuni. An amsa musu da cewa ana kan aiki.

Abin haushi, a waya lafiya ƙalau yake. Mai Zane a waya aka haife shi, kwamfuta gidan baƙunci ne a wurinsa.

Na yi kuskure na faɗi haka a gaban Mahadi. Fuskarsa ta washe.

"To ai an gama! Sai ta yi aiki da waya daga gida. Ta huta da hawa keke mai ƙafa uku daga Kona kullum, ga damina. Ai taimakonta muka yi."

Na ce a matsayin me za ta zauna a gida? Ya ce za a duba.

Laraba, bayan la'asar

Ashe ta ji. Jemima tana jin abin da ake faɗa a bayan ƙofa biyu.

Da za ta tashi ta riƙe hannuna, ta ce, "Malama, ka gaya wa yaronka. Na zauna a gida shekara da shekaru lokacin da ido ya tafi. Mutane suna zuwa suna ce mini sannu kamar an yi mutuwa. Alhaji ne ya fito da ni. Ba na komawa. Teburina a bakin ƙofa yake, duk wanda ya shigo na san shi da takunsa. In kora ne a ce kora, kada a ce hutu."

Na ce ba za a kore ta ba. Ban san da wane ƙarfi na faɗa ba.

Juma'a, 18 ga Yuli, bayan an sauko

Yaya Auwal ya kira daga Zariya. Bai tambayi lafiyata ba. Ya ce yaro ya samu dama ta farko a rayuwarsa, ni da na goya shi ni ce zan tsaya masa a hanya, a kan wata can. Bai ce wace can ba, ni ma ban taya shi ƙarasawa ba.

Na ce, "Yaya, tambayata za a yi, kuma ba zan yi shaidar zur ba."

Ya ce wai ina maganar manhaja ina maganar shaida. Na ce a makarantar allon da mahaifinmu ya kai mu tare, ba a ware mana inda gaskiya take tsayawa ba. Ya kashe waya.

Asabar, 19 ga Yuli, da safe

Ba ta kammala ba.

Lahadi, 20 ga Yuli, bayan la'asar

Na daina roƙon Mai Zane. Na koma wurin Mai Aro.

Cikin manhajar Mahadi yana da kyau, lissafi da sito da tura oda duk ya ware su gefe, yadda na koya masa. Fuska kawai na gina sabuwa, ƴar ƙarama, ta kwamfutar Jemima kaɗai, tana magana da cikin nasa. Taga ɗaya, ruwan toka, ba kore ba fari, ba hoton kwalba. Muni kam ta yi muni. Akwatin adadi ya fi na suna tsawo ba dalili, na gyara, ya koma. Na gwada ta a wata kwamfutar sai maɓallin turawa ya gangara ƙasa ya ɓuya. Halin Mai Aro ke nan, sai ka bi shi gida gida kana lallashi.

Amma jerin yana magana. Sama, ƙasa, hagu, dama, ba tsallake.

Na yi sujjadar godiya a kan tabarma, gwiwata ta yi ƙara.

Litinin, 21 ga Yuli, da azahar

Jemima ta gwada. Ba ta yaba ba, ita ba ta yabo. Ta dai ce, "Wannan ya san aiki," ta ci gaba da dannawa.

Mahadi ya tsaya a bayanmu, hannu a aljihu. Bai kira ni Goggo ba.

"Malama Sa'adatu, mun bar tsohuwar ne don mu huta da kula da abu biyu. Yanzu kin dawo mana da biyu. Duk abin da na ƙara a can sai an ƙara a nan. Ranar da laburarenki ya canza wa zai bi shi? Ranar da kika yi ritaya fa?"

Na ce ni zan bi shi.

"Bayanki fa?"

Gaskiya ya faɗa. Abu biyu ya fi ɗaya nauyi, duk mai sana'ar nan ya san haka, ni na koya masa. Abin da ban koya masa ba shi ne a sauke nauyin a kan wanda ba zai iya ƙi ba.

Ya ce ba zai amince da ita ba.

Talata, 22 ga Yuli, bayan la'asar

An kira daga Yola. Hajiya ce ta riƙe masa wayar. Mahadi ya sa a lasifika ya ajiye a teburina, ya tsaya a kaina.

Muryar ba ta Alhaji ba ce. Tasa ce, amma kamar daga cikin rijiya. Ya tambayi Tobiya, ya tambayi ko rufin sito yana yoyo. Sannan ya ce, "Sa'adatu, ta kammala?"

Na dubi Mahadi. Na tuna shi yana ƙarami yana barci a cinyata ina buga takardun mutane a shagon kwamfuta na bakin tasha. Idonsa yau irin na ranar da ya faɗi jarrabawa ne.

Na ce, "Ba ta kammala ba, Alhaji."

Muna jin numfashinsa. Ya ce, "To." Hajiya ta karɓe wayar ta ce likita ya shigo.

Ban faɗa masa dalili ba. Na so in faɗa, na ga ba lokacin ɗora masa kaya ba ne. Yanzu ina ta juya abin.

Alhamis, 24 ga Yuli, da hantsi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Lahadi, 27 ga Yuli, bayan magariba

Gidan Alhaji ya cika har titi. Jemima ta zo da lulluɓi da ta ara wurin maƙwabciyarta, ta zauna cikinmu a tsakar gida, ba ta ci komai ba. Da ake addu'a tana cewa amin da ƙarfi fiye da kowa. Wata tsohuwa ta tambaye ni ko ƴar uwa ce. Na ce eh.

Na tsaya ina tunanin ko ƙarya na yi. Ban ga ƙarya ba.

Laraba, 30 ga Yuli, da azahar

An buɗe shago. Ƴaƴan Alhaji sun ce Mahadi ya ci gaba da riƙewa kafin a zauna.

Ba wanda ya tambaye ni ko ta kammala. Mai tambayar ya tafi.

Juma'a, 1 ga Agusta, bayan la'asar

Mahadi ya kashe tsohuwar. Ni na ba shi kalmar sirri, haƙƙinsa ne, shi ne shugaba. Shekarun da na yi ina goyon manhajar nan, dannawa ɗaya ta ɗauke ta. Ban yi kuka ba. Ta tsufa, lokacinta ya yi.

Masu kyamis suna ta turo oda daga wayoyinsu, abin sha'awa. Wani Bafillace daga Lau ya kira musamman ya ce useko, wato ya gode, ya huta da jiran layi. Na isar wa Mahadi saƙon. Aikinsa ne, ya cancanta.

A sabuwar manhaja kowane ma'aikaci yana da sunan shiga. Na duba. Akwai nawa, akwai na Mufida, har Tobiya yana da nasa. Babu na Jemima.

Ina da ikon ƙara suna. Yatsana ya kai kan maɓallin. Shaiɗan ya ce mini minti ɗaya ne, wa zai sani? Ya ce ko ki ba ta naki ta shiga da shi. Na janye hannu. Amana aka ba ni ta kula da manhaja, ba ta ɗaukar ma'aikata ba. Kuma in ta shiga da sunana, duk odar da ta shigar ƙarya ce a rubuce. Wanda ya cire ta shi zai mayar da ita, da hannunsa, da rana tsaka.

Litinin, 4 ga Agusta, bayan la'asar

Jemima ta zo a kan lokaci kamar kullum. Mufida tana kan teburin bakin ƙofa, ta miƙe tsaye, ba ta san inda za ta sa kanta ba. Na ce mata ta zauna, ba ita ta sa kanta a can ba.

Na kama hannun Jemima na kai ta teburina. Na zaunar da ita a kujerata, na buɗe mata tagarta mai ruwan toka. Ni kuma na shimfiɗa dardumata a ƙasa, a gefen kwalayen ƙarin ruwa, na zauna na ɗora ƙaramar kwamfutata a cinya. Zaman da na yi shekaru ina yi da allo, jiki bai manta ba, gwiwa ce kawai ta yi ƙorafi.

"Malama, ina kake? Muryarka daga ƙasa yake fitowa."

Na ce ina nan, ta yi aikinta.

Ta rubuta sunanta a wurin shiga. Na riga na zare abin kunnen, don haka Murya ta faɗa a fili, duk shagon ya ji: "Ba a san wannan suna ba."

Jemima ta ce, "Ni ma ban san ka ba," ta sake rubutawa.

Masu sayayya suna shigowa. Duk wanda ya san ni sai ya yi turus. Wani Alhajin unguwar Kachalla Sembe mai kyamis biyu ya cire takalmi ya durƙusa don ya gaishe ni, ya ce, "Hajiya, lafiya? Kujeru sun ƙare ne a shagon nan?" Na ce lafiya ƙalau, nan aka bar mini. Ya ɗaga kai ya dubi ofishin Mahadi.

Mahadi ya fito da sauri, murya ƙasa ƙasa.

"Goggo, don girman Allah ki tashi. Mutane suna kallo."

"Aiki nake."

Ya koma ya ɗauko kujerarsa ta manaja, mai juyawa, ya tsaya da ita a hannu.

Na ce, "Ba kujera na rasa ba, Mahadi."

Ya daɗe a tsaye. Ya mayar da ita.

Talata, 5 ga Agusta, da azahar

Ƙasa. Siminti yana da sanyi da damina.

Ba a san wannan suna ba. Ba a san wannan suna ba. Yaran sito sun daina dariya, har tafiya suke a hankali.

Tsofaffin masu kyamis da ba su iya sabuwar manhaja ba suna kira suna cewa a ba su Jemima. Mufida tana miƙa mata wayar, ta saurara, ta faɗa wa Mufida abin da za ta shigar. Aikin mutum ɗaya, mutum biyu. Na ji Jemima tana ce mata, "Yarinya, wannan mutum in ya ce na yara, ruwa yake nufi ba ƙwaya ba. Ka tambaye shi sau biyu." Ba ta riƙe ta a rai ba. Ni ce ke ta faman gyara tawa zuciyar.

Laraba, 6 ga Agusta, bayan magariba

Labari ya kai Zariya. Yaya ya turo saƙo wai na tozarta gida, a ce ƙanwarsa tana zaune a ƙasa a kasuwa kamar mai talla. Matar Mahadi ta zo har gida tana kuka, wai ƙawayenta suna tambayarta ko gaskiya ne mijinta ya ƙwace wa uwar goyonsa kujera. Na ba ta ruwa. Na ce ba wanda ya ƙwace mini komai, ni na bayar.

Na tambayi kaina ko zalunci nake yi. Na san abin da zaman nan yake yi masa, don shi nake yi, ba zan ɓoye wa takarda ba. Ba ni da murya mai ƙarfi, ban iya faɗa ba, ban taɓa iyawa ba. Zama na iya.

Ƙafata ta kumbura. Gobe ma zan je.

Alhamis, 7 ga Agusta, bayan la'asar

Na shimfiɗa darduma. Mahadi ya riga mu zuwa, ƙofarsa a rufe. Jemima ta zauna, ta gyara zani, ta ce, "Bari mu gaisa da mutumina." Ta rubuta sunanta.

Murya ta ce, "Magani."

Ashe Mahadi ya mayar da sunanta. Jemima ta ɗora hannu biyu a kan madannai ba ta danna komai ba. Sai wayar shago ta yi ƙara, Mufida ta ɗauka, ta saurara, ta taso ta kawo mata har tebur.

"Shagon Hambali, Jemima ce. Kai, Baba Manasseh, kana raye? Faɗi, ina ji."

Ta mayar da abin kunne. Yatsunta suka kama gudu.

Mahadi ya fito wajen azahar, bai dube ni ba. Tobiya ya yi wa magana, ya ce a shigo da ƙaramin teburin da ke sito a sa wa Malama Sa'adatu. Sannan, yana kallon bango, ya ce tagar can ba ta cikin aikinsa, ranar da ta lalace kada kowa ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Na ce na ji, tawa ce.

Malama Sa'adatu. Ban san yaushe zan sake zama Goggo ba. Wannan na saya da hannuna, kuma da za a sake, zan sake.

Tobiya ne ya ɗaga ni, ƙafar ta ƙi miƙewa. Ina cikin kaɗe darduma Jemima ta ɗaga abin kunne gefe ɗaya.

"Malama, akwatin adadi yana faɗin kansa sau biyu. Yana ɓata mini lokaci."

Na ja kujera. Na ce ta matsa in gani.